Mena da filin gida: daga ranar da muka ka da Masar zuwa hanyar CAN ta 2027



Duk ranar da aka buɗe layi a shirin wasanni, tambaya ɗaya ce ke dawowa: wai yaushe Mena za ta koma CAN? Wani ya kira ya ce a canza mai horaswa. Wani ya ce a je a nemo yaranmu da aka haifa a Turai. Wani kuma ya ce ai maganar duka ta kuɗi ce. Minti biyu na waya ba su isa a ba da amsa ba, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta. CAN ta 2025 a Maroko dai ta wuce mu. Wadda ke gabanmu ita ce ta 2027, a Kenya, Tanzaniya da Yuganda. Kafin mu ce za mu je ko ba za mu je ba, ya kamata mu duba yadda aka yi muka je sau biyun da muka taɓa zuwa, wato 2012 da 2013. Da muka jera sakamakon wasannin a takarda, abin da ya fara fito mana shi ne: tikitin nan duka biyu a Yamai aka same su, gaban jama'armu.

Bari mu ɗan koma baya tukuna. Da yawa daga cikin matasa na ɗauka tarihin Mena daga 2010 ya fara. Iyayenmu kuwa suna tuna 1981. A wasannin neman gurbin kofin duniya na 1982, Nijar ta fidda Somaliya, ta fidda Togo, ta kai zagaye na uku inda ta haɗu da Aljeriya. A can gidansu sun yi mana 4 da nema. Da suka zo Yamai, mu muka ci su 1 da nema. Bai isa mu wuce ba, amma ku tuna wace Aljeriya ce: ita ce ta je Sipaniya a 1982 ta doke Jamus ta Yamma 2 da 1, duniya ta riƙe baki. Ke nan tun wancan zamani halinmu ya bayyana: a waje a yi mana ruwan ƙwallaye, a gida mu tsaya wa kowa. A 1989 aka buɗe babban filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, mai ɗaukar mutum kusan 35.000. Amma duk da sabon fili, sai da aka ƙara shekara ashirin da ɗoriya muna kallon CAN a tele, kowa da ƙasar da yake goyon baya, wani Kamaru, wani Najeriya, wani Gana.

Abin da ya canza a 2010 ba daga sama ya faɗo ba. A 2009 aka ɗora ɗan ƙasa, Harouna Doula Gabde, a kan Mena. A 2010 kulob ɗin sojoji, AS FAN, ya kai matakin rukuni a kofin Confédération na CAF, abin da babu wani kulob ɗinmu da ya taɓa yi kafin nan. A ƙarshen shekarar Mena ta ɗauki kofin ƙasashen UEMOA a Yamai. A farkon 2011 kuma ƴan wasanmu masu buga gasar cikin gida suka je CHAN a Sudan, suka kai wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, sai a bugun fenariti masu masaukin baƙi suka fidda su. Ku lura da kyau: mai horaswa ɗaya ne, kuma yawancin yaran su ne dai su ne. Sun yi wata da watanni suna kwana wuri ɗaya, suna ci a akushi ɗaya, kowa ya san inda ɗan uwansa zai ruga kafin ya ruga. Ƴan ƙalilan da ke waje, irin su Moussa Maazou da ke Bordeaux a Faransa da mai tsaron gida Daouda Kassaly da ke Coton Sport ta Garwa a Kamaru, sukan zo su tarar da ginin a tsaye, su shiga ciki.

To, da aka fidda rukunonin neman gurbin CAN ta 2012, muka faɗa rukunin G tare da Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo, kuma ta ɗaya kaɗai ke da tabbacin wucewa. Gaskiya babu wanda ya sa mu a lissafi, har mu kanmu. Masar ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010, ta buga wasa 18 a gasannin nan uku ba a doke ta ko sau ɗaya ba, kuma kofinta bakwai ke nan jimilla. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da sallamar baƙin kofin duniya na 2010 ba, ga filaye sababbi, ga kuɗi. Wasan farko, a Satumba 2010, muka je Nelspruit suka yi mana 2 da nema. Kowa ya ce ai dama.

Sai ranar 10 ga Oktoba 2010. Goma, goma, goma: kwanan watan ma ba ya mantuwa. Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. A Fabrairu an yi juyin mulki, ƙarancin abinci ya addabi karkara, da damina kuma kogin Isa ya cika ya shiga gidajen mutane a Yamai. A cikin wannan hali zakarun Afirka suka sauka. Da yawanmu lokacin muna lise ko mun fara jami'a, kuma abin da muke roƙo shi ne kar a kunyata mu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Maazou ya jefa ƙwallo a ragar Masar. Daga nan sai jira. Wanda ya saurari wasan nan a rediyo ya san tsawon minti arba'in da biyar. A fadodi shayi ya huce a kan gawayi babu mai kula shi. Da alƙalin wasa ya busa tashi, 1 da nema, ƴan kabu-kabu suka cika tituna da oda, daga Yamai har Damagaram.

A Maris 2011 Saliyo ta zo Yamai ta sha 3 da 1. A Yuni muka je Freetown suka rama, 1 da nema. Ranar 4 ga Satumba 2011 Afirka ta Kudu ta zo, Koffi Dan Kowa da Maazou suka ci mana, aka tashi 2 da 1. Wasa uku a gida, maki tara cur. Saura ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011: mu a Alƙahira, Afirka ta Kudu kuma tana karɓar Saliyo a Nelspruit.

Abin da ya faru a ranar nan har yau ana ba da labarinsa a duniyar ƙwallo. Masar ta riga ta fita daga lissafi, don haka ta sako matasanta ƴan ƙasa da shekara 23. Duk da haka suka yi mana 3 da nema. A Nelspruit kuwa, da labarin ya isa, mai horas da Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, ya ga kunnen doki ya ishe shi, saboda sun fi mu yawan rarar ƙwallaye: su suna da rarar 2, mu kuwa ana bin mu bashin 2. Sai suka koma tsaron gida suna cinye lokaci. Aka tashi babu ci, ƴan wasansu suka shiga rawa suna zagaya fili. Mu ma a nan gida da yawa sun kashe rediyo sun tafi sallah da baƙin ciki.

Ashe dokar CAF ba haka ta ce ba. Dokar ta ce idan ƙasashe suka yi daidai a maki, wasannin da suka buga tsakaninsu ake fara dubawa. Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo kowa na da maki 9. Da aka cire wasannin Masar aka lissafa na tsakanin ukun, Nijar na da 6, sauran biyun kowa 5. Ke nan mu ne na ɗaya. Hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu ta ɗaukaka ƙara, daga baya ta janye. Karo na farko a tarihi Mena ta samu zuwa CAN, kuma a Disamba 2011 CAF ta zaɓi Harouna Doula gwarzon mai horaswa na Afirka na shekarar.

Yanzu mu ajiye murna gefe mu dubi lambobin. A wasa ukun da muka buga a waje, ba mu samu maki ko ɗaya ba, ba mu ci ƙwallo ko ɗaya ba, an zuba mana 6. A wasa ukun gida mun ci 6, an ci mu 2. Ƙungiya ɗaya ce fa, ƴan wasa ɗaya, amma kamar mutum biyu. Zafin Yamai da baƙi ba su saba da shi ba, filin da yaranmu suka san kowane lungunsa, kalangu da ihun mutum dubu talatin da wani abu, su ne suka cike gibin da ke tsakaninmu da manyan ƙasashe. Wannan ba abin kunya ba ne, kowace ƙasa da gidanta take taƙama. Matsalar ita ce CAN ba a Yamai ake buga ta ba.

Janairu 2012 muka sauka Libreville, a rukunin C tare da Gabon mai masaukin baƙi, Tunusiya da Maroko. Kafin gasar an kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Wasan farko, 23 ga Janairu, Gabon ta ci mu 2 da nema, har da ƙwallon Pierre-Emerick Aubameyang. Bayan wasan nan ragamar ta koma hannun Courbis, mutumin da CAF ta karrama wata ɗaya da ya wuce ya koma gefe a tsakiyar gasa. Har yau idan aka ɗauko maganar nan a fada sai an yi gardama. Wasu na cewa ƙwarewar Bature ta gyara wasan, wasu na cewa an karya zuciyar yara. Abin da ba a gardama a kansa shi ne sakamako. Ranar 27 ga wata Tunusiya ta fara ci ta ƙafar Youssef Msakni, William N'Gounou ya rama mana bayan ƴan mintoci, muka riƙe su har dab da tashi, sai Issam Jemâa ya ci ta biyu. Ranar 31 ga wata Maroko ta ci mu 1 da nema. Muka dawo babu maki. Kofin kuma Zambiya ta ɗauka, ƙasar da ita ma ba a sa ta a lissafi ba, da ƴan wasan da yawancinsu a Afirka suke buga ƙwallo kuma sun daɗe tare.

CAN ta gaba ta zo da wuri, saboda CAF ta mayar da gasar zuwa shekarun mara, don kar ta riƙa haɗuwa da kofin duniya. Lokaci ya ƙure, aka yi share fagen 2013 da tsarin gida da waje, kuma ƙasashen da suka buga ta 2012 kai tsaye suka shiga zagayen ƙarshe. Wato wasa biyu kaɗai ke tsakaninmu da tikiti. Courbis bai daɗe ba ya tafi. A Satumba 2012 aka ɗauko Gernot Rohr, wanda shi ne ya ja Gabon ta doke mu a Janairu. Mai horaswa na uku ke nan a cikin shekara ɗaya. Ƙuri'a ta haɗa mu da Gine. A Konakiri suka ci mu 1 da nema. Ranar 14 ga Oktoba 2012 a Yamai muka yi masu 2 da nema. Tsohon halin dai: a sha kashi a waje, a gyara a gida.

A Afirka ta Kudu aka yi gasar, ƙasar da muka hana zuwa ta baya. Har sai da aka ɗora wani ɗan ƙarin kuɗi a kan kiran salula don tallafa wa tafiyar, ke nan duk mai waya a ƙasar nan ya sa hannu, da mai son ƙwallo da wanda bai san Maazou ba. A Port Elizabeth muka zauna, rukunin B. Mali muka riƙe har saura ƴan mintoci, Seydou Keita ya ci. Da Kwango Kinshasa muka tashi babu ci ranar 24 ga Janairu 2013, Daouda Kassaly ya yi ta kaɗe ƙwallaye, kuma wannan shi ne makinmu na farko a CAN. Gana ta rufe da 3 da nema. Maƙwabciyarmu Najeriya ce ta ɗauki kofin a ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, ta doke Burkina Faso a wasan ƙarshe.

Ga duka tarihinmu a CAN a layi ɗaya: wasa 6, maki 1, ƙwallo 1 muka ci, an ci mu 9. Sunan William N'Gounou shi kaɗai ne a jerin ƴan Nijar da suka taɓa ci a gasar. Duk wanda zai yi maganar 2027 da wannan layin ya kamata ya fara.

Wani zai ce to ai magani ya samu, a buga a Yamai kawai. A'a, tarihi bai yarda da wannan ba. Daga 2014 zuwa 2021 filin na hannunmu, amma CAN huɗu suka wuce mu: 2015, 2017, 2019 da 2021. Biyun ƙarshe ma bayan an faɗaɗa gasar ne daga ƙasashe 16 zuwa 24. A Nuwamba 2019 Madagaska ta zo har Yamai ta yi mana 6 da 2. A Oktoba 2021 Aljeriya ta zo ta yi mana 4 da nema. Filin bai canza ba, zafin ranar ma bai ragu ba. Abin da ya watse shi ne ƙungiyar: ƴan 2010 sun manyanta ɗaya bayan ɗaya, masu horaswa suna shigowa suna fita, kowa da nasa jerin sunaye. Fili ba ya cin ƙwallo. Yana dai ƙara wa ƙungiyar da ta riga ta haɗu ƙarfi.

Kuma ba yara muka rasa ba. A 2015 Yamai ta karɓi CAN ta ƴan ƙasa da shekara 17. A 2017 yaranmu na wannan mataki, bayan sun fidda Najeriya a share fage, suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Gabon, suka samu tikitin kofin duniya a Indiya. A can suka doke Koriya ta Arewa 1 da nema, suka fita daga rukunin da ke da Barazil da Sipaniya, sai Gana ta tsayar da su a zagaye na biyu. A Fabrairu 2019 aka yi CAN ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi, kuma mutanen Maraɗi ba su manta yadda garin ya cika da baƙi ba. A farkon 2023, a CHAN ta Aljeriya, Harouna Doula ɗin nan dai ya sake ɗaukar ƴan wasan gida: suka yi canjaras da Kwango Brazabil, suka doke Kamaru 1 da nema, suka doke Gana 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Aljeriya ta yi mana 5 da nema a nan, muka ƙare na huɗu. Shekara goma sha biyu tsakanin Sudan da Aljeriya, darasin bai canza ba: idan aka bar yaran gasar gida suka zauna tare da mai horaswar da ya san su, suna kai mu nesa.

Sai kuma muka rasa gidan kansa. CAF ta tsaurara sharuɗɗan filayen wasa, daga ciyawa da fitilu zuwa kujeru da ɗakunan canza kaya, kuma filin Seyni Kountché ya shiga jerin waɗanda ba a amince da su ba, kamar na ƙasashe da dama a nahiyar. Daga 2022 Mena ta zama baƙuwa a wasanninta na gida. A share fagen CAN ta 2023 mun karɓi Tanzaniya a Kwatano, Aljeriya a Tunusiya, Yuganda a Marrakech. Maki ɗaya muka samu cikin tara, muka ƙare na ƙarshe a rukuni da maki 2. Ku kwatanta da tara cikin tara na 2010 da 2011. Ban da maki, akwai kuɗin jirgi da na otal da na hayar fili da ake kashewa a ƙasar wasu. Akwai kuma yaron da ke da shekara goma a 2022, wanda ya girma yana ganin Mena a allon waya kaɗai, alhali tsararmu mun san ƙurar ƙofar sitad.

Amma a cikin wannan yawon wani sabon abu ya fito, kuma shi ne dalilin da ya sa muke ganin maganar 2027 ba mafarki ba ce. A ƙarshen 2023 aka kawo Badou Zaki, tsohon mai tsaron gidan Maroko. A share fagen CAN ta 2025 muna rukuni ɗaya da Gana, Angola da Sudan. Mun fara da rauni: maki ɗaya a wasa huɗu, shi ne na canjaras 1 da 1 da Gana a Berkane ta Maroko. Sai a Nuwamba 2024 muka yi wa Sudan 4 da nema a Lome, muka wuce Akara ranar 18 ga wata muka doke Gana 2 da 1 gaban jama'arta, Oumar Sako ya ci ta biyun ana dab da tashi, Mohammed Kudus kuma ya ɓarar da fenariti bayanta. Muka ƙare da maki 7, Sudan 8. Maki ɗaya tak. Da a ce wasan da muka karɓi Angola a Maroko, wanda ta ci mu 1 da nema, canjaras aka yi, da mun yi daidai da Sudan, kuma dokar nan ta tsakanin juna da ta cece mu a 2011 da ta sake ba mu, don 4 da 1 ne tsakaninmu da su. Ba mu ce lalle da a Yamai ne da mun samu makin ba, Allah kaɗai ya san wannan. Kuma adalci ne mu faɗa cewa Sudan ma ba a gida ta buga ba, yaƙi ya kore ta, amma ta wuce. Rashin fili ba ya zama uzurin komai.

A share fagen kofin duniya na 2026 abin ya ƙara fitowa. Mun doke Zambiya 2 da 1 a Marrakech. A Maris 2025 muka “karɓi” Maroko a Oujda, wato a cikin ƙasarta, Youssouf Oumarou ya fara ci mana, sai a mintocin ƙari suka ci ta biyu. A Rabat sun yi mana 5 da nema. Bayan nan muka je Zanzibar muka doke Tanzaniya 1 da nema, muka doke Kwango Brazabil 3 da 1, muka je Ndola muka sake doke Zambiya 1 da nema ta ƙafar Daniel Sosah. Muka ƙare na biyu a bayan Maroko da maki 15, ko da yake uku daga ciki a kan tebur aka ba mu, a wasan da Kwango ba ta buga ba. A jerin ƙasashen da suka zo na biyu, mun yi daidai a maki da Kamaru, Najeriya da Burkina Faso. A nan kuwa rarar ƙwallaye ake dubawa, kuma ita ta bar mu a baya. Abin da bai cece Afirka ta Kudu ba a 2011, shi ya kayar da mu a 2025. Kowace gasa da dokarta, kuma ƙwallo biyar da aka bari suka shiga a Rabat ba a banza suka tafi ba.

To ina wannan ya bar mu? Mena ta 2011 ta iya gida, ba ta iya waje ba. Mena ta 2024 da 2025 ta ci a Akara, Zanzibar da Ndola, amma ba ta da gida. Ba mu taɓa riƙe biyun a lokaci ɗaya ba. A tsarin da aka yi share fagen 2025 da shi, ƙasashe huɗu a rukuni, biyu su wuce, Sudan ta shiga da maki 8. Ƙungiyar da ke iya kwaso maki uku ko huɗu a waje, idan ta samu wasa uku gaban jama'arta, ba sai ta jira wani ya kasa karanta doka ba. Idan kuma an je, gasar yanzu ta ƙasashe 24 ce, huɗu daga cikin waɗanda suka zo na uku a rukuni suna wucewa zagaye na biyu. Nasara ɗaya da canjaras ɗaya kan isa. Ga ƙasar da ke da maki ɗaya a duk tarihinta, wannan shi ne burin da ya dace a sa a gaba, kafin a fara maganar kofi.

Saboda haka idan kun kira mu a shiri, ga tambayoyin da muke ganin sun fi “wa za a kora” amfani. Na ɗaya, a wane fili Mena za ta buga wasanninta uku na gida, kuma wace rana CAF za ta zo dubawa? Wannan tambaya ce da ya kamata FENIFOOT da ma'aikatar wasanni su riƙa amsa wa jama'a da kwanan wata. Kuma me zai hana a ɗaga filin Maraɗi, wanda ya riga ya karɓi gasar Afirka a 2019, ya zama na biyu, don kar ƙasa mai faɗin tamu ta dogara da fili ɗaya? Na biyu, ko wa ke riƙe da ƙungiyar, za a bar shi ya gama share fage da yaran da suka yi Akara da Ndola, ko za a sake yin irin ta Libreville da zarar an faɗi wasa ɗaya? Na uku, gasar cikin gida tana farawa kan lokaci tana ƙarewa kan lokaci? Don daga can ƴan 2010 suka fito, kuma yaron da ke buga wa Dan Kassawa ko Jangorzo a Maraɗi, ko Espoir a Damagaram, ba zai kai Mena ba idan wata huɗu yana zaune babu wasa.

Mu ma masu kallo muna da namu. A 2010 ba a raba mana kuɗin mota ba, da ƙafarmu muka je muka cika fili tun rana na tsaka. Ranar da ƙofar nan za ta sake buɗewa ga Mena, a ɗauki yara a kai su, su ji da kunnensu abin da muke ba su labari. Kafin nan kuma, wasan kulob ɗin garinku na ranar Lahadi yana nan, kuɗin shiga bai kai na katin waya ba.

Dattawan da suka ga wasan Aljeriya na 1981 da idonsu, da waɗanda ke cikin sitad ranar 10 ga Oktoba 2010, muna son jin ta bakinku a shiri mai zuwa, don a adana labarin tun masu shi na raye.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya ba Mena sa'a. Mu kwana nan.